Yawon Neman Babka da Kinish a Unguwannin Yahudawan Niyu Yok

Idan aka ɗauke ƙasar Isra'ila, babu wani birni a duniya da ya tara Yahudawa kamar birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. Saboda haka mai karatu zai iya zaton samun burodi da kayan zaƙi na gargajiyarsu a wannan birni abu ne mai sauƙi kamar sayen ƙosai da safe a bakin titi. Ta wata fuska zaton nan gaskiya ne, domin kuwa sunayen kayan, irin su begel da babka, suna nan a rubuce a manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa, har da filin jirgin sama. Amma fa suna daban, abin da ke cikin leda daban. Galibinsu aikin injin masana'anta ne, an zuba musu maganin hana lalacewa domin su daɗe a kan kanta. Wanda aka murza da hannu, aka gasa da asuba, aka sayar kafin la'asar, shi ne mai wuyar samu, kuma kullum wuyar ƙaruwa take yi.

Na yi kwanaki ina bin unguwannin birnin, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina neman irin wannan na hannu. Abin da na fahimta shi ne, allon da ke bisa ƙofar kanti ba ya shiryar da baƙo. Tilas sai ya san abu uku: inda mutanen suka fito da inda suka koma, da dokar abincinsu, da kuma lissafin ranakunsu.

ASALIN ZUWANSU

A shekarar 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu. Jita-jita ta ɗora wa Yahudawa laifi, aka dinga far wa unguwanninsu ana kisa da ƙone-ƙone. Daga wannan shekara zuwa 1924, lokacin da Amurka ta kafa dokar da ta ƙuntata shigowar baƙi, Yahudawa fiye da miliyan 2 suka baro gabashin Turai zuwa Amurka. Da yawansu suka sauka a Niyu Yok, suka cunkushe a unguwar Lower East Side, watau kudu maso gabashin tsibirin Manhattan, cikin benaye masu ƙananan ɗakuna, maza da mata suna aikin ɗinki a masana'antu tun safe har dare.

A ƙauyukan da suka baro, uwargida ce ke gasa burodin iyali a gida. A nan kuwa aikin ɗinki ya cinye lokacin, sai sana'ar ta fito titi, da fari a kan amalanke, daga baya a cikin kanti. Abincin talakawa ne tun asali: fulawa, da albasa, da dankalin Turawa, da ɗan sukari idan an samu. Cakulan da cuku mai laushi da ake gani a cikinsa yau, yalwar Amurka ce ta ƙara su.

NAMA DABAN, MADARA DABAN

Dokar abincin Yahudawa, wadda ake kira kosha, ta haramta naman alade, ta wajabta yanka, sa'an nan ta hana haɗa nama da madara a ci ɗaya. Masu riƙo da ita har tukwane da wuƙaƙe sukan raba, na nama daban, na madara daban. Akwai kuma kashi na uku da suke kira pareve, watau abin da ba nama ba madara a cikinsa, kamar ƙwai da kifi da fulawa da man tsirrai, wanda ake iya ci da kowanne.

Wannan doka ce ta raba kantunansu gida uku. Akwai deli, kantin nama, inda ake sayar da naman sa da aka jiƙa cikin gishiri da kayan yaji aka banɗare. Akwai kantin kifi da cuku. Akwai kuma gidan burodi. To, wanda ya shiga deli mai bin doka yana neman kayan zaƙi da aka kwaɓa da man shanu, ya ɓata tafiyarsa, domin ba za a ajiye su kusa da nama ba. Abin da zai samu shi ne wanda aka yi da man tsirrai. Idan ya ji bai kai na man shanu taushi ba, kada ya zargi mai gashi, da gangan aka yi shi haka domin a ci shi bayan an ci nama a daren Asabar.

A shekarar 1931 hukumar kasuwannin birnin ta ƙidaya kantunan deli masu bin dokar kosha guda 1,550. Waɗanda suka rage yau 'yan ƙalilan ne.

TITIN HOUSTON

Mafarin da ya dace da baƙo shi ne Titin Houston na gabas, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa mai alamar F yake sauke mutane. A lamba 137 akwai gidan Yonah Schimmel. Mutumin da gidan ke ɗauke da sunansa daga Romaniya ya zo, ya fara talla a amalanke wajen 1890, kantin kuwa yana nan wurin tun 1910. Sana'arsu kinish, wanda a allo za ka ga an rubuta knish. Dankali ne aka dafa aka dame shi da albasa, aka naɗe cikin fulawa mai laushi kamar takarda, aka gasa. Girmansa ya kai dunƙulen hannun babban mutum, kuma ɗaya ya ishi matafiyi har yamma. A ɗakin ƙasa ake gasa shi, a turo shi sama cikin wani ɗan akwati da ake ja ta cikin bango. Akwai wani kinish mai kusurwa huɗu da ake soyawa, wanda masu amalanke ke sayarwa a tituna. Wannan na masana'anta ne, wanda ya ci shi bai ci na tanderu ba tukuna.

Ɗan gaba kaɗan, a lamba 179, akwai Russ & Daughters. Joel Russ ya fara da tallan kifi daga cikin ganga, ya buɗe kanti a 1914, ya dawo wannan titi a 1920. Allah bai bar masa ɗa namiji da zai gaje shi ba, sai 'ya'ya mata uku, ya sa su cikin kasuwancin, ya rubuta a allo cewa kantin na Russ ne da 'ya'yansa mata, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Har yanzu zuriyarsa ce ke riƙe da shi. Kantin kifi da cuku ne, saboda haka a nan baƙo zai fara haɗuwa da babka da rugelak.

Kalmar babka a harshen mutanen Polan tana nufin kaka mace. Ana cewa asalinsa ragowar kwaɓin burodin Juma'a ne, wanda uwargida kan shimfiɗa, ta barbaɗa masa kirfa da sukari, ta naɗe kamar tabarma, ta murɗa, ta gasa wa yara. Yadda ake gane na ƙwarai shi ne a ɗaga shi a hannu a ji nauyi, a yanka a ga layin kirfa ko cakulan ya zagaya ko'ina, ba tudun fulawa fari a tsakiya. Rugelak kuwa ƙanana ne kamar ɗan yatsa, an naɗe su siffar jinjirin wata, da zabibi ko kirfa ko cakulan a ciki. Na ƙwarai yana ruguɗewa a baki. Wanda ya kwana biyu a leda sai ya yi danƙo, ya manne a dasashi.

A kusurwar Titin Ludlow ga Katz's, deli mafi shahara a birnin, wanda tarihinsa ya koma 1888. Wurin nama ne, kuma layin 'yan yawon buɗe ido yakan fito har waje. Yana buɗewa ranar Asabar, ana kuma haɗa nama da cuku a wani abincinsa, alamar cewa gidan ya riƙe ɗanɗanon kakanni ya saki dokarsu. Mai neman kayan zaƙi ya leƙa ya wuce.

BURODIN GARIN DA AKA SHAFE

Tafiyar mintuna kaɗan kudu, a Titin Grand, akwai gidan Kossar's, wanda aka kafa a 1936. Abin da ya yi suna da shi biyali ne, wani ɗan burodi mai faɗi kamar ƙaramar gurasa, da loko a tsakiya cike da albasa. Ba shi da sukari, ba shi da mai, kuma ba ya jiran kowa, domin sa'o'i kaɗan bayan ya fito daga wuta sai ya taurare. Wannan ne ya sa masana'antu ba su yi rububinsa ba.

Sunansa daga garin Bialystok yake, a arewa maso gabashin Polan, inda Yahudawa suka taɓa zama kashi mafi girma na mazauna. A watan Agusta na 1943 sojojin Jamus na Hitila suka kwashe ragowar Yahudawan garin daga unguwar da suka killace su, suka tura su sansanonin kisa irin su Treblinka. Wata marubuciya kan abinci mai suna Mimi Sheraton ta je garin a 1992 tana neman biyali, ba ta sami mai gasa shi ba, ta rubuta littafi a kan haka wanda ya fito a shekarar 2000. Watau burodin ya mutu a garinsu, ya rayu a Titin Grand, kusa da wata majami'a da 'yan asalin Bialystok suka kafa. Mutum na tsaye yana cin abin da bai wuce fulawa da albasa ba, alhali kuwa gadon wata al'umma ce da aka shafe yake riƙe da shi a hannu.

Ɗan'uwansa begel, mai rami a tsakiya kamar awarwaro, ƙaddararsa daban. An ambace shi a takardun Yahudawan birnin Krakow tun 1610. Ana tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a gasa, wannan ke ba shi ɓawo mai sheƙi da ciki mai tauri. A 1907 masu yinsa a Niyu Yok suka kafa ƙungiya, suka riƙe sana'ar a hannun mutum ɗari kaɗan, ɗa ya gaji uba. Da injin murza begel ya fito a farkon shekarun 1960, sai ƙungiyar ta rushe, begel ya bazu ko'ina a Amurka, ya ƙara girma da laushi, a wurare da yawa ma aka daina tafasa shi, tururi kawai ake fesa masa. Ya sami duniya, ya rasa kamanninsa.

ƘOFOFIN DA AKA RUFE

Wanda ya zo da tsohon littafin jagora zai sha tsayawa a gaban ƙofar da ba kowa. Gidan burodin Gertel's na Titin Hester, wanda ya yi shekara fiye da 90 yana sayar da burodin Asabar, ya rufe kantinsa a 2007. Masana'antar Streit's, mai gasa burodin da ba yis na idin Ƙetarewa, ta bar Titin Rivington a 2015 bayan shekara 90 a wurin. A tsakiyar Manhattan, Stage Deli ya rufe a 2012, Carnegie Deli kuma a ƙarshen 2016.

Dalilan a fili suke. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, ribar burodi kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Aikin tanderu tun tsakar dare ake fara shi, mai gidan da ya sha wannan wahala kuma burinsa ɗansa ya zama likita ko lauya, ɗan ya zama, sai tanderu ya rasa magaji. Daɗin daɗawa, masu sayen kansu sun tashi. Tsofaffin benayen nan yau 'yan asalin Sin ne a cikinsu, da masu jin harshen Sifaniya, da matasa masu hannu da shuni. Kantin da maƙwabta suka daina saye, ko dai ya koma ga 'yan yawon buɗe ido, ko ya rufe.

ƘETAREN GADA

To, ina masu sayen suka tafi? Tun da aka buɗe gadar Williamsburg a 1903 suka fara ƙetarawa zuwa Brooklyn. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, waɗanda suka tsira daga Hangari da maƙwabtanta, mabiya ɗariƙun Hasidi masu tsananin riƙo da addini, suka zo suka zauna a unguwannin Williamsburg da Borough Park. A nan ne har yau ake gasa burodi domin maƙwabta.

Jirgi mai alamar J ko M yana haye gadar ya sauke mutum kusa da Titin Lee, mai alamar D kuma ya kai shi kusa da Titi na 13 a Borough Park. Da saukarka za ka ga kamar ka bar Amurka. Allunan kantuna da harshen Yidish aka rubuta su daga dama zuwa hagu, maza cikin baƙaƙen riguna da huluna, mata a rufe suna tura kekunan jarirai. Baƙo ya yi shiga ta mutunci, kada ya miƙa wa mace hannu, kada kuma ya ɗaga kyamara a fuskar mutane.

Gidajen burodin nan ba su da ado. Faranta ne na ƙarfe jere a kan kanta, ana yanko wa mutum gwargwadon abin da yake so a ɗora a sikeli. A nan ake samun kokosh, ɗan'uwan babka na mutanen Hangari, wanda bai kai shi tashi ba amma ya fi shi jiƙewa da koko. A nan kuma ake ganin hala, wanda ake rubutawa challah, burodin ƙwai da ake kitsawa kamar gashin amarya, a shafe shi da ƙwai, a barbaɗa riɗi. Kowane gida yana ɗora guda biyu a kan tebur a daren Asabar, domin tunawa da mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji, wanda a wajensu rabon kwana biyu yake sauka ranar Juma'a. Kafin a gasa, ana gutsurar ɗan kwaɓi a ƙone, a madadin rabon da ake ba masu hidimar ɗakin ibada a zamanin da.

Safiyar Juma'a ita ce ranar kasuwa. Tun da hantsi layi ya kai ƙofa, kowa na sauri. Da rana ta karkata sai a fara jan ƙofofi, kafin faɗuwarta kuma a ji jiniya tana sanar da shigowar Asabar. Daga nan babu ciniki, babu kunna wuta, sai taurari sun fito a daren gobe. Wanda ya zo ranar Asabar da yunwa, da ita zai koma.

KOWANE IDI DA NASA

Yadda mu ma akwai abin da ba a cika ganinsa ba sai da salla ko biki, haka su ma. Da idin Purim, wajen Fabrairu ko Maris, ake yin hamantashen, mai kusurwa uku da zaƙi a tsakiya, wanda aka sa wa sunan Haman, wazirin Sarkin Farisa da ya ƙulla hallaka su bai yi nasara ba. Ana samunsa a wasu kantuna duk shekara, amma na lokacinsa ya fi. Da sabuwar shekararsu, a Satumba ko farkon Oktoba, hala yakan koma mai zagaye, a kuma gasa kek na zuma. Da idin Hanuka, mai kwana 8 wajen Disamba, abin da aka soya a mai ake ci, musamman wani mai kama da fanke da ake ɗura wa zaƙi a ciki. Da idin Ƙetarewa kuwa, wajen Afrilu, an haramta duk abin da ya tashi da yis har kwana 8, gidajen burodi masu bin doka sukan rufe ƙofa, sai matsa ake ci, wanda tilas a gama gasa shi cikin minti 18 daga lokacin da ruwa ya taɓa fulawa. Matafiyi ya duba kalanda kafin ya yanki tikiti.

MUTANEN HALAB

Ba duk Yahudawan birnin ne daga Turai suka zo ba. A kudancin Brooklyn, wajen titin Kings Highway, akwai zuriyar waɗanda suka taso daga Halab da Dimashƙa na ƙasar Siriya, da kuma Misira. Kayan zaƙinsu na Larabawa ne sak: baƙalawa, da ma'amul mai dabino a ciki, da wani ƙaramin zobe mai riɗi da suke kira ka'ak. Bahaushe ya ji wannan suna sai ya tsaya, domin daga kalmar Larabci al-ka'ak sunan alkakinmu ya fito, ko da yake nasu mai gishiri ne, namu kuwa a zuma ko sukari ake tsoma shi. Kalma ɗaya ce ta rabu hanya biyu, ɗaya ta ratso Sahara, ɗaya ta haye teku.

Kada kuma a ce sana'ar ta ƙare ga tsofaffi. A 2013 aka buɗe Breads Bakery kusa da dandalin Union, suka fito da babka mai man shanu da Nutella, matasa suka yi masa ca, har wasu gidaje suka bi sahu. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai hanyarsa ta fi kusa da ta masu gashin Faransa. Mai son sanin bambanci ya ɗanɗana shi, sa'an nan ya haye gada ya ɗanɗana na Titin Lee.

GA MATAFIYI MUSULMI

Musulmin da ke baƙunci a Amurka sun daɗe suna amfana da alamar kosha, musamman harafin U cikin da'ira, tambarin wata ƙungiyar malaman Yahudawa da ta fara sa ido kan kayan masana'antu tun 1923. Inda aka ga wannan alama babu kitsen alade, idan kuma da harafin D a gefe, akwai madara a ciki. Maganar abincin Ma'abota Littafi ta zo a Suratul Ma'ida, malamai kuma sun yi bayaninta. Amma a kula, dokar kosha ba ta hana giya ba, wasu kek ɗin kuwa ana zuba musu ita domin ƙamshi. Matambayi ba ya ɓata, a tambayi mai kanti kafin a saya.

Sauran shawara kaɗan ce. A je da safe, ranar Alhamis ko Juma'a. A duba takardar shaidar malamansu da ake mannawa a taga. A shaƙi iskar kantin, idan babu ƙamshin wuta, daga wani wuri aka kawo kayan. A bi layin da tsofaffin matan unguwa suke tsaye da jakunkunansu, domin su ba sa sayen suna. Abin da aka saya kuma a ci shi a ranar, musamman biyali, tun albasarsa na da ɗumi.